Ratar Da Ke Tsakanin Sili Da Sili

A cikin wannan shiri namu na faɗakarwa mukan ɗauki mas'ala ɗaya daga mas'alolin ilmin zamani, mu warware ta sannu a hankali gwargwadon abin da Allah Ya sawwaƙe. Bahasinmu na yau ya shafi wani abu wanda kowa yake ɗauke da shi a jikinsa dare da rana, amma saboda ƙanƙantarsa da ɓoyuwarsa ba safai akan kawo shi a zance ba, watau ratar nan da ke tsakanin silin zare da ɗan'uwansa, ko a cikin tufa, ko a cikin takarda, ko a cikin igiya, ko kuwa a cikin fiffiken jirgin sama. Masana ilmin kayan ƙira da injiniyoyi sun yi ittifaƙi a kan cewa amfanin duk wani abin da aka yi da sili ya rataya a kan wannan rata kamar yadda ya rataya a kan silin kansa, har ma akwai wuraren da ratar ce take yin aikin baki ɗaya, silin kuwa ba shi da wata hidima face tsare ta.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san mizanin da za mu yi awo da shi. Idan aka raba milimita ɗaya kashi 1,000, kowane kashi shi ake kira maikiron. Kaurin gashin kan ɗan Adam yakan kai kimanin maikiron 70, silin auduga kuwa bai cika wuce maikiron 20 ba. To, wanda yake kusa da haske a cikinku ya kama bakin rigarsa ya ɗaga ta, zai ga haske yana ratsowa ta 'yan kafofin da ke tsakanin zaren tsaye da zaren kwance. Wannan ita ce rata ta zahiri. Akwai kuma ta baɗini wadda ido ba ya riskarta, domin kowane zare ɗaya tarin silin auduga ne da aka murɗe wuri guda, kuma tsakanin kowane sili da na kusa da shi akwai sarari. Alal misali, a ɗauki yadi mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, wanda nauyinsa giram 150 ne, kaurinsa kuwa kashi 3 cikin 10 na milimita. Idan aka auna wurin da ya ci da ma'aunin ruwa, za a sami mililita 300. Amma auduga tsantsa mai nauyin giram 150, da za a curata ba tare da ko ɗigon sarari ba, mililita 100 kaɗai za ta ci. Ashe ke nan kashi biyu cikin uku na wannan yadi iska ce, mai saye kuwa ya biya kuɗinta tare da na audugar, kuma bai yi asara ba, kamar yadda bayani zai zo.

Malaman falsafa da mutakallimai na zamanin da sun daɗe suna muhawara a kan ko zai yiwu a sami wurin da babu kome a cikinsa sam, har Alfarabi ya rubuta maƙala ta musamman a kan haka. Ratar da muke magana a kanta ba ta shiga wannan saɓani ba, gama ba ta cika zama wofi ba: ko dai iska ta cika ta, ko ruwa, ko mai, ko wani ƙaro da aka ɗura da gangan. Saboda haka tambayoyin da injiniya yake yi a kanta guda uku ne: nawa ne yawanta a cikin abin, yaya faɗin kowace kafa yake, sa'an nan mene ne a cikinta. A kan waɗannan tambayoyi za mu bi fasali huɗu, na zafi, da na ruwa, da na tacewa, da na ƙarfi.

Fasali na farko shi ne na zafi da sanyi. Mutane da yawa suna zaton bargo ɗumi yake bayarwa, alhali kuwa bargo ba shi da wuta a jikinsa. Jikin mai barci ne yake fitar da ɗumi, aikin bargo shi ne ya hana ɗumin nan tserewa. Daga cikin abubuwan da muke cuɗanya da su kullum, da wuya a sami wanda ya kai iska mai zaune wuri ɗaya rowar wucewar zafi, domin ruwa ya fi ta saurin ratsar da zafi fiye da sau 20, gilashi kimanin sau 40, ƙarfe kuwa sau dubbai. Sai dai iska tana da wata illa, ita ce rashin zama: da zarar ta ɗumama a fili mai faɗi sai ta yi sauƙi ta tashi sama, mai sanyi ta gangaro ta maye gurbinta, ta haka sai ta riƙa kwasar zafi tana kai shi wani wuri. To, idan aka cika filin nan da sili masu yawa waɗanda suka sarƙe da juna, sai iskar ta rarrabu cikin dubban ƙananan kafofi, kowace kafa ta yi mata ƙunci har ta kasa juyawa, ta zauna dole. Wannan shi ne sirrin gashin tunkiya, da gashin tsuntsu, da bargon da muke ja a daren hunturu, kuma shi ya sa tsuntsu yakan bubbuɗa gashinsa ya kumbura idan sanyi ya tsananta, don ya ƙara yawan iskar da ya tsare.

A kan wannan ƙa'ida aka gina wata babbar sana'a a Amurka. A farkon shekarun 1930, a kamfanin gilashi na Owens-Illinois, wani ma'aikaci mai suna Dale Kleist yana ƙoƙarin liƙe tubalan gilashi da narkakken gilashi, sai iska mai ƙarfi ta bugi narkakken gilashin ta watsa shi ya zama sili siriri kamar auduga. Shi da injiniya Games Slayter suka bi diddigin abin har ya zama hanyar ƙira, a shekarar 1938 kuma aka kafa kamfanin Owens-Corning don yin wannan audugar gilashi, wadda a yau ake shimfiɗawa a cikin rufin gidaje da bangayensu a ƙasashen sanyi da na zafi. Ku duba wannan lissafi: akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1, idan aka cika shi da gilashi curarre, nauyinsa zai kai kilo 2,500, idan kuwa audugar gilashi irin ta rufin gida aka cika shi da ita, nauyin zai tsaya tsakanin kilo 10 da 20. Ma'ana, fiye da kashi 99 cikin 100 na abin da ke cikin akwatin iska ce. Gilashin da a curarrensa yake barin zafi ya wuce, shi ne ya koma mai tsaron zafi, ba don an canja ɗabi'arsa ba, sai don an buɗa rata a tsakaninsa.

Daga nan hukunci biyu suke fita. Na ɗaya, duk abin da ya danne silin ya kore iskar ya rage amfaninsa, shi ya sa tsohuwar katifar auduga da ta daddaƙe ba ta riƙe ɗumi sai an kwance ta an sake shiɓe audugar. Na biyu, idan ruwa ya shiga ya maye gurbin iska, tufar da take kariya sai ta koma mai janye ɗumin jiki, kuma wannan ne dalilin da ya sa jiƙaƙƙiyar riga a lokacin iska mai sanyi take da hatsari ga yaro da tsoho. Audugar rimi tana da wata falala a wannan babi, domin kowane silinta rami ne da shi a ciki tun daga wannan baki har wancan, bayansa kuma yana da wani santsi mai kama da kakin zuma wanda ruwa ba ya kama shi da sauri. Saboda haka ne aka daɗe ana cusa ta a cikin rigunan ceto na matuƙa jiragen ruwa, har a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kafin soson roba ya karɓe wurinta.

Fasali na biyu shi ne na ruwa. Kowa ya san ruwa gangare yake bi, amma ga lagwanin fitila yana jawo kananzir daga ƙasa zuwa sama, babu famfo, babu mai tura shi. Dalili shi ne, ruwa da mai suna da ɗabi'ar manne wa jikin wasu abubuwa, fuskarsu kuma tana da wani ɗauri da ke riƙe ta wuri ɗaya, saboda haka idan suka sami kafa mai ƙunci sai gefensu ya kama bangon kafar ya hau, ya jawo sauran a baya. Wani likita Bature na Ingila mai suna James Jurin ya tabbatar a shekarar 1718 cewa gwargwadon ƙuncin kafa, gwargwadon nisan hawan ruwa. A cikin bututun gilashi mai tsabta wanda faɗin bakinsa milimita 1 ne, ruwa yakan hau kimanin santimita 3. Idan aka rage faɗin sau goma, sai ya hau kimanin santimita 30. Ratar da ke tsakanin silin lagwani ita ce take zama waɗannan bututai, kuma ita ce take aiki a cikin tawul, da audugar asibiti, da bandejin da ke tsotse ruwan gyambo.

Mai saurare zai iya cewa, in haka ne sai a matse lagwani iyakar matsewa don ya fi ja. A nan ne wata ƙa'ida ta biyu take tare hanya. Wani likitan Faransa, Poiseuille, wanda ya yi nazarin gudun ruwa a cikin siraran bututai wajen shekarar 1840 don ya fahimci gudun jini, ya gano cewa idan aka rage faɗin bututu da rabi, yawan ruwan da zai wuce ta cikinsa yakan ragu har sau 16. Ke nan ƙunci yana ƙara nisan hawa amma yana rage sauri, faɗi kuwa yana ƙara sauri amma yana rage nisa. Lagwanin da aka matse ƙwarai zai kawo mai kaɗan-kaɗan har wuta ta cinye shi, wanda aka sassauta ƙwarai kuwa man ba zai kai sama ba. Mai saƙa lagwani tilas ya tsaya tsaka-tsaki, kuma dama malamai sun ce mafi alherin al'amura tsaka-tsakinsu. A shekarar 1856 injiniya Henry Darcy, wanda ya kawo ruwan sha birnin Dijon na Faransa, ya fitar da lissafin yadda ruwa ke ratsa yashi, kuma har yau da lissafinsa ake ƙiyasta gudun ruwa da iska a cikin kowane tarin sili.

Almajirai da marubuta sun san wannan mas'ala ta hanyar alƙalami. Takarda ba kome ba ce face silin tsiro da aka dandaƙa, aka jiƙa, aka shimfiɗa, ya bushe a sarƙe. Idan aka bar ratar da ke cikinta a buɗe, da alƙalami ya sauka sai tawada ta bi kafofin ta yaɗu, wasali ya haɗu da ɗigo, rubutu ya ɓaci. Masu yin takarda a Samarƙandi da Bagadaza, bayan sana'ar ta iso musu daga Sin a ƙarni na 8 na Miladiyya, sukan shafe fuskar takarda da kokon alkama ko na shinkafa, sa'an nan su goge ta da dutse mai santsi har kafofin su toshe. Mutanen Fabriyano a Italiya daga baya suka koma tsoma takarda a cikin ruwan ƙaron da ake dafawa daga fata. Takardar nan mai alamar jinjirin wata uku, wadda fatake suka riƙa kawowa daga Italiya ta Tarabulus da Masar suna ƙetare Sahara da ita, wadda kuma malaman Kano da Sakkwato da Barno suka rubuta littattafai masu yawa a kanta, irin wannan gyara ne ya sa ta riƙe tawada ba tare da ta yaɗu ba. Akwai kuma inda ake barin ruwan da kansa ya rufe ƙofa: a Manchester, a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, an saƙa wani yadin auduga mai matsi ƙwarai da ake kira Ventile, wanda idan ya bushe iska take ratsa shi, idan kuwa ruwa ya taɓa shi sai silin ya kumbura ya cike ratar, ruwan ya rasa hanya.

Fasali na uku shi ne na tacewa, kuma a nan ne faɗin rata yake zama mas'alar rai da lafiya. Dattawa a cikinku ba su manta da kurkunu ba, ciwon da a da yakan kwantar da manomi a tsakiyar damina. Tsutsar tana shiga jikin mutum ta hanyar wasu ƙananan ƙwarin ruwa da ke cikin tafki da kududdufi, waɗanda ido da ƙyar yake ganinsu. Ba a sami allurar rigakafinsa ba, ba a kuma sami maganin da ke kashe tsutsar ba. Babban makamin da aka yaƙe shi da shi, tare da haƙa rijiyoyi da wayar da kai, shi ne ƙyallen tace ruwa wanda kafarsa kimanin kashi 1 cikin 10 na milimita ce, ruwa ya wuce, ƙwaron ya tsaya. A ƙidayar ƙarshen shekarun 1980 an sami fiye da mutum 650,000 da suka kamu a Nijeriya, a shekarar 2013 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. A ƙasar Bangaladash kuma, malama Rita Colwell da abokan bincikenta sun koya wa matan karkara su ninka tsohon zanensu sau huɗu su tace ruwa da shi, domin ƙwayar cutar kwalara takan manne wa ƙananan halittun ruwa. Sakamakon da suka buga a 2003 ya nuna cutar ta ragu da kusan rabi a ƙauyukan da suka bi wannan hanya. Tsohon zane da ya sha wanki ya fi sabo tacewa, saboda zarensa ya yi laushi ya bubbuɗe, silin ya tare kafofin, ninki kuma yana sa kafar wannan ta faɗa a kan zaren wancan.

Amma tace iska wani sha'ani ne dabam, kuma yana da ban mamaki. Takunkumin asibiti irin wanda ake kira N95, wanda duniya ta sani a lokacin annobar korona, kafofinsa sun fi ƙurar da yake tarewa faɗi nesa ba kusa ba. Da za a matse su har su yi daidai da ƙurar, da mai sanye da shi bai iya numfashi ba. An yi shi da silin roba mai kaurin 'yan maikiron kaɗan, an tara shi birjik ba tsari, ta yadda iska ba ta da miƙaƙƙiyar hanya sai ta yi ta karkacewa tana zagaye sili bayan sili. Ƙura mai nauyi ba ta iya karya kwana tare da iskar, sai ta zarce ta yi karo da sili ta maƙale. Matsakaiciya takan bi iskar, amma gefenta ya gogi sili ya kama. Mafi ƙanƙanta kuwa ba ta tafiya a miƙe ko kaɗan, domin ƙwayoyin iska suna ta bugunta dama da hagu, irin motsin nan da Robert Brown ya lura da shi a 1827, har ta faɗa wa wani silin. Wadda ta fi wuyar kamu ita ce ta tsakiya, mai girman kimanin kashi 3 cikin 10 na maikiron, wadda ba ta yi nauyin da za ta zarce ba, ba ta kuma yi sauƙin da za ta yi yawo ba. Shi ya sa da ƙura mai kusan wannan girma ake jarraba takunkumi, kuma lambar 95 tana nufin yana tare aƙalla kashi 95 cikin 100. Don a ƙara masa ƙarfi ba tare da an toshe numfashi ba, akan ɗora wa silin cajin lantarki mai zama a jikinsa, wanda yake fizgo ƙura daga tsakiyar rata, kuma Peter Tsai na jami'ar Tennessee yana cikin waɗanda suka inganta wannan dabara a shekarun 1990. Wankin sabulu yana lalata wannan caji, saboda haka takunkumin da aka wanke yana iya zama fes a ido alhali aikinsa ya ragu.

Fasali na huɗu, wanda shi ne na ƙarshe, na ƙarfi ne, kuma a nan hukunci yakan juya, ratar da muka yi ta yabo ta zama abin tsoro. Galileo, a littafinsa na shekarar 1638, ya tsaya a kan wata tambaya: yaya aka yi igiya mai tsawon kamu ɗari, wadda aka tufka da sili gajeru da ba a ƙulla su da juna ba, take ɗaukar kaya ba ta zare ba? Amsarsa ita ce murɗi. Mai kaɗi idan ta juya mazari, murɗin yana sa kowane sili ya naɗe 'yan'uwansa, da zarar an ja zaren kuma sai naɗin ya ƙara matsewa, rata ta ragu, sili ya danne sili har ba wanda zai iya zamewa. Zaren da murɗinsa ya yi kaɗan yakan sule ya rabu ba tare da sili ɗaya ya tsinke ba. Wanda murɗinsa ya yi yawa kuwa silinsa yakan kwanta a karkace, ya kasa fuskantar ja, ya tsinke da wuri. Magina kuma da suke cuɗa ƙasa da ciyawa suna aiki da wani ɓangare na wannan ilmi, domin tsagewa idan ta taso a bango takan tsaya inda ta ci karo da sili, kuma gwargwadon kusancin sili da sili, gwargwadon gajartar tafiyarta. A shekarar 1963 Romualdi da Batson a Amurka suka gwada wannan a kan kankare da aka zuba wa siraran wayoyin ƙarfe, suka ba tazarar da ke tsakanin wayoyin muhimmanci na farko.

A shekarar 1920 wani injiniya na Ingila, Griffith, ya nuna cewa gilashi idan aka ja shi ya zama sili, gwargwadon sirancinsa gwargwadon ƙarfinsa, saboda ƙaramin sili ba shi da wurin da babban aibi zai ɓuya a cikinsa. Daga wannan tushe aka kai ga silin gilashi da silin kabon. Na kabon kaurinsa tsakanin maikiron 5 da 7 ne, watau kashi ɗaya cikin goma na gashin kai, kuma a nauyi ɗaya ya fi ƙarfe juriyar ja sau da yawa. Sai dai tarin sili shi kaɗai ba ya zama fiffike ko jikin kwalekwale, domin yana lanƙwashewa, kuma in ɗaya ya tsinke ba shi da hanyar miƙa kayansa ga na kusa da shi. Saboda haka sai a cika ratar da wani ƙaron roba mai ruwa-ruwa wanda yake daskarewa ya yi tauri, ya kama kowane sili ta kowane gefe, ya tsayar da shi a wurinsa, ya kuma raba nauyi a tsakaninsu. Jirgin saman Boeing 787, wanda ya fara jigilar fasinja a 2011, kimanin rabin nauyin ƙirarsa irin wannan haɗi ne.

To, sili nawa ya kamata a zuba, ƙaro nawa? Masu ilmin handasa sun tabbatar cewa idan aka jera sanduna masu kauri ɗaya, aka matse su iyakar matsewa, kowace tana taɓa shida da ke kewaye da ita, ba za su ci fiye da kashi 91 cikin 100 na wurin ba, sauran kuwa 'yan kafofi ne masu kusurwa uku da babu yadda za a yi a kawar da su. Amma injiniyoyin jiragen sama ba sa kusantar wannan iyaka. Sukan tsaya wajen kashi 60 cikin 100, su bar saura ga ƙaro, domin silin da ya taɓa ɗan'uwansa kai tsaye, ba tare da ƙaro a tsakani ba, ya buɗe wa tsagewa hanya. A wannan ma'auni, ratar da ke tsakanin silin kabon biyu ba ta kai maikiron 2 ba, kuma ta cikin wannan ƙunci ne ake so ƙaro mai kauri kamar zuma ya ratsa ko'ina ba tare da ya tsallake wuri ɗaya ba. Masu ƙera fukafukan injin lantarki na iska, waɗanda tsawonsu kan wuce mita 50, sukan shimfiɗa silin a cikin mazubi, su rufe shi da leda, su zuƙe iskar ciki, sa'an nan su bar ƙaro ya bi ratar, kuma da lissafin Darcy na ruwa da yashi suke sanin inda za su sa bututun shiga da tsawon lokacin da zai ɗauka.

Abin da ake gudu shi ne kumfar iska da ta maƙale ƙaro bai kore ta ba. Iskar nan da ta zama ni'ima a cikin bargo, a cikin fiffike aibi ce, domin ba ta ɗaukar kaya, daga bakinta tsagewa take farawa, danshi kuma yakan taru a cikinta. Saboda haka a sassan jirgin sama masu ɗaukar nauyi ba a yarda irin wannan rami ya wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Don a cim ma haka akan gasa sashen a cikin wata babbar tanda ta ƙarfe mai murfi, a zafin da ya kai digiri 180, ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar duniya sau shida ko bakwai, har kumfar ta matse ta ɓace. Bayan an fitar da shi kuma sai a bi jikinsa taƙi bayan taƙi da na'urar sauti irin wadda ake duba mai juna biyu da ita, gama sautin yana ratsa ƙaro da sili lafiya, amma in ya iske iska sai ya dawo, na'urar ta nuna wurin.

Jama'a masu sauraro, abin da za mu riƙe daga wannan bahasi shi ne, babu wata rata da za a ce ita ce mai kyau a ko'ina, kowane aiki da gwargwadon da ya dace da shi, kuma gwanintar mai ƙira ita ce sanin wannan gwargwado da tsare shi. Ga fa'idodi kaɗan na aikin yau da kullum. A lokacin sanyi, riguna biyu sakakku sun fi ɗaya matsattsiya, kuma a gaggauta cire wa yaro tufar da ta jiƙe. Wanda zai sa audugar gilashi a rufin ɗakinsa kada ya bari a danne ta ko yoyo ya taɓa ta, mai shimfiɗa ta kuma ya rufe hancinsa da hannuwansa. Wanda ba shi da ruwa sai na tafki ya tace shi da ƙyalle mai tsabta ninki huɗu, ya wanke ƙyallen ya shanya a rana, ya kuma tafasa ruwan, domin ƙyalle ba ya tare ƙwayar cutar da take yawo ita kaɗai. Mai fama da ƙurar hunturu ko ta wurin aiki ya tabbata takunkuminsa ya kama fuska sosai, domin ratar da ke gefen hanci ta fi dukan kafofin takunkumin faɗi, kuma iska hanya mafi sauƙi take bi.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya amfanar da mu da abin da muka ji, Ya ƙara mana ilmi mai amfani. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.